Hunturu da Shirin Lambun Gida a Ƙasar Magami

Magami gari ne a kudancin Gusau, kan hanyar da ta nufi Ɗansadau. Mutanensa, kamar maƙwabtansu na ƙasar Tsafe da ta Bungudu, yawancinsu manoma ne, suna noma dawa da gero da masara, da gyaɗa da wake da auduga. Ruwan sama ya kan sauka a wannan yanki wajen watan Mayu, ya ɗauke cikin Oktoba. Watau kusan wata bakwai ke nan a kowace shekara ƙasa ba ta ganin ruwa sai wanda mutum ya zuba mata da hannunsa.

Hatsi yana jure ajiya a rumbu, amma ɗanyen ganye ba ya jurewa. Don haka gidaje da yawa su kan shiga bazara da abin tuwo, amma ba su da abin miyar kirki. An shirya wannan ɗan littafi domin a bayyana yadda mai gida zai yi amfani da watannin hunturu ya kafa ƙaramin lambu, wanda zai riƙe iyalinsa har saukar damina.

YADDA HUNTURU YA KE

Hunturu iska ce busasshiya da ke busowa daga arewa maso gabas, daga hamadar Sahara. Ta kan fara cikin Nuwamba, ta yi ƙarfi cikin Disamba da Janairu, ta lafa wajen ƙarshen Fabrairu. Da yawa daga ƙurar da ta ke kawowa, wadda ke rufe rana har a rasa ganin dutsen Kwatarkwashi daga nesa, tana tasowa ne daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi. A wasu darare ma'aunin zafi ya kan sauka ƙasa da digiri 15, alhali kuwa cikin Afrilu da rana ya kan kai 40 ko kusa da haka.

Wannan iska tana da amfani, tana kuma da ɓarna. Ita ke busar da hatsi da barkono da tubali. Sanyinta ne ke sa albasa da tumatir su yi kyau. Amma ita ke kawo mura da tari da ciwon ido, da kaushi da faso, ita ce kuma ke shanye ruwan tafki da na rijiya kullum kaɗan kaɗan, tun mutane ba su lura ba.

AIKIN ƘAUYE CIKIN HUNTURU

Wanda bai san ƙauye ba ya kan ɗauka manomi hutawa ya ke yi idan kaka ta wuce. Ba haka ba ne. Da an gama yankan dawa sai a shiga ɗaurin dami da kai shi rumbu. Mata suna sussuka da shiƙa. Maza suna tara kara da harawa saboda dabbobi, suna yanta da jinka, suna saƙar zana, suna buga tubali, suna yaɓen ɗakunan da damina ta zaizaye. A wannan lokaci ne a ke yawan ɗaurin aure, gama akwai abin hannu. Da dare almajirai su kewaye wuta suna karatu, yara kuma su taru a ɗakin tsohuwa su sha tatsuniya. Samari da yawa kuwa su kan ɗauki jaka su tafi cin rani Gusau, ko Kano, ko Kaduna, ko ma kudancin ƙasa, sai an ga hadari su komo.

Akwai abu biyu da ya wajaba kowane gida ya kiyaye a wannan lokaci. Na farko gobara. Kara da zana da jinka duk sun bushe, iska kuma tana kaɗawa, saboda haka kada a kwana da garwashi a ɗaki, kada a bar yara su kaɗai wurin jin ɗumi, kada kuma a tara kara jikin rumbu. Na biyu sanƙarau, wanda ya kan ɓulla daga tsakiyar hunturu zuwa bazara, ya fi kuma yaɗuwa inda mutane suka cunkushe a ɗaki marar taga. Annobar da ta fara a Zamfara a ƙarshen 2016, ta ci gaba cikin 2017, ta hallaka mutane da yawa. Duk wanda zazzaɓi mai zafi ya kama, ga ciwon kai, ga sanƙarewar wuya, a kai shi asibiti nan da nan.

ABIN DA YA SA A KE BUKATAR LAMBU A GIDA

Noman rani ba baƙon abu ba ne a Zamfara. Tun kaka da kakanni a ke ban ruwa da jigo a fadamun Gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga wajen Funtuwa ya ratsa Gusau da Bungudu. A kan wannan gulbi aka gama madatsar ruwa ta Bakalori a 1978. A farkon shekarun 1990 kuma, tun Zamfara tana cikin Jihar Sakkwato, kafin a ba ta jiharta ran 1 ga Oktoba 1996, shirin Fadama na Gwamnatin Tarayya da Bankin Duniya ya yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da injunan ban ruwa.

Amma ba kowa ke da fili a fadama ba, ba kowa kuma ke da kuɗin inji da mai ba. Bugu da ƙari, tun wajen 2011 ɓarnar 'yan bindiga ta hana mutane da yawa na wannan yanki zuwa gonakin nesa, ta kuma sa tafiya kasuwa ta zama da hatsari. Lambun da ke cikin gida ko bayan gida ba ya bukatar doguwar tafiya. Uwargida da yara suna iya lura da shi ko da mai gida ya tafi cin rani. Hausawa sun ce, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Likitoci sun tabbatar ganye irin su zogale da alayyafo, da kuma karas da kabewa da gwanda, suna ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Rashinsa ne ke kawo dundumi, yana kuma raunana yaro har ƙyanda ko gudawa su kayar da shi. Ganyen yana da sinadarin ƙarfe mai taimakon jini, abin da mace mai ciki da mai goyo su ke bukata ƙwarai. Cikin bazara kayan miya su kan yi tsada, a lokacin ne kuma rumbu ya fara yin ƙasa.

LISSAFIN RUWA SHI NE FARKO

Kuskuren da ya fi kashe lambu shi ne mutum ya dubi rijiyarsa cikin Disamba, ya gan ta cike, ya tayar da fili babba. Kafin Afrilu rijiya ta ja baya, rana ta ƙara zafi, shuka ta girma tana neman ruwa fiye da dā, sai a wayi gari duk wahalar ta tafi a banza. Mai hankali ya kan tuna yadda rijiyar ta kasance a bazarar bara, ya yanka lambunsa daidai da wannan.

Ga yadda lissafin ya ke. A tsananin zafi, fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1 yana shan ruwa lita 6 zuwa 8 kowace rana. Mita ɗaya kuwa kamar babban taku ɗaya ne na namiji. Saboda haka fangali mai faɗin taku 1 da tsawon taku 3 zai sha kamar jarka ɗaya mai cin lita 20 kullum. Fangali huɗu, jarka huɗu. Gidan da ya san ba zai iya ware fiye da jarka biyu ba, bayan an ɗebi na sha da na girki da na dabbobi, to, ya tsaya kan fangali biyu. Fangali biyu da suka ƙoshi sun fi goma da ke fama da ƙishirwa.

Akwai dabarun da ke rage shan ruwa:

1. A yi fangali mai zurfi kaɗan, da ɗan gefe kewaye da shi, domin ruwa ya tsaya wurin saiwa. Kunya mai tudu ta damina ce.

2. A yi ban ruwa da sassafe ko da la'asar sakaliya, a zuba a gindin shuka.

3. A rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa, ko ƙaiƙayi, ko ɓawon gyaɗa, amma a bar ɗan fili kewaye da karan shuka, a riƙa dubawa saboda gara.

4. A binne tulu ko tukunyar ƙasa har wuya a tsakiyar fangali, a cika da ruwa, a rufe bakin. Ruwan zai riƙa tsatsafowa a hankali, shukar da ke kewaye tana sha.

5. A tara ruwan alwala da na wankin hatsi a kai wa shuka. Ruwan wanke-wanke mai sabulu kaɗan a ba itatuwa, kamar zogale da gwanda, kada a zuba shi kan ganyen da za a ci ɗanye. Ruwan makewayi kuwa ba ya shiga lambu ko kaɗan.

ZAƁEN WURI DA SHINGE

A zaɓi wuri kusa da ruwa, wanda ke samun rana aƙalla rabin yini, ba ƙarƙashin babban itace ba, gama saiwarsa za ta shanye ruwan. Ya yi nisa da masai da kwata. Kada a kafa lambu a inda aka taɓa daka ko niƙa dutsen zinariya, kada kuma a ɗebo ƙasa daga can. Gubar dalma da ke cikin irin wannan dutse ce ta kashe ɗaruruwan yara a ƙasar Anka da Bukkuyum a 2010, kuma ta kan daɗe cikin ƙasa.

Shinge ya riga shuka. Cikin rani a ke sakin awaki da tumaki, kuma akuya ɗaya ta isa ta cinye aikin wata biyu kafin a idar da sallar azahar. Yanzu da karan dawa ya ke da yawa, a kafa darni mai kauri, a toshe ƙasansa da ƙaya saboda kaji. A ƙara masa tsawo ta gefen arewa da gabas, domin ya tare iska. In an dasa sandunan zogale a jere cikin shingen, a kwana a tashi za su zama dirkoki masu rai, ga kuma ganye.

TAKI

Ƙasar bayan gida sau da yawa ta kan yi tauri saboda tattaki. A sassaɓe ta, a kafta da zurfi kamar kamu ɗaya, a farfasa hoge, a tsince duwatsu da leda da fasassun kwalabe. Sa'an nan a gauraya ta da ruɓaɓɓen taki, kamar kwando ɗaya ga kowane fangali. Ɗanyen kashin dabbobi, balle na kaji, yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara.

Hanyar ruɓar da taki ba ta da wuya. A haƙa rami mai zurfin taku ɗaya a inuwa. A shimfiɗa busasshen ganye da guntayen kara, a bi da kashin awaki ko na shanu, a barbaɗa toka kaɗan da ƙasa, a yayyafa ruwa, a sake jerawa haka har rami ya cika. A riƙa juya shi bayan kowane mako biyu ko uku, ana yayyafa ruwa don kada ya bushe. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi laushi, warinsa ya koma na ƙasar da ruwan fari ya daka. Ramin da aka cika cikin Disamba shi zai ciyar da shukar Maris. Ba a fafe gora ranar tafiya.

KAYAN SANYI DA KAYAN ZAFI

Nan ne ilmin lambu ya taru, gama kowace shuka da lokacinta. Tumatir da albasa, da kabeji da karas da latas, kayan sanyi ne. Suna son daren hunturu, kuma tilas su kammala aikinsu kafin zafi ya kankama. Tumatir musamman, idan zafin rana ya haura digiri 35, dare kuma bai yi sanyi ba, furensa ya kan kaɗe ba tare da ya ɗaura 'ya'ya ba. Wannan ne dalilin da ya sa ya kan yi arha cikin Janairu da Fabrairu, ya yi tsada daga ƙarshen bazara zuwa damina. Wanda ya dasa tumatir cikin Maris zai yi ta ban ruwa yana kallon ganye.

Kayan zafi su ne kuɓewa da alayyafo, da rama da lalo da yakuwa, da kabewa da zogale. Waɗannan ba su son sanyi. Kuɓewar da aka shuka a tsakiyar Disamba ta kan tsaya cik, ta ƙi girma, amma wadda aka shuka a ƙarshen Fabrairu ta kan tashi da sauri, ta fara ba da 'ya'ya cikin mako bakwai ko takwas, muddin ana tsinka kowane kwana biyu ko uku. Alayyafo ya fi kowa hanzari: mako huɗu bayan shuka an fara yanka. Don kada ya zo gaba ɗaya ya wuce gaba ɗaya, a raba fangali kashi uku, a shuka kashi ɗaya duk bayan mako biyu. Zogale kuwa, da zarar ya kafu, ruwa kaɗan ya ishe shi. A riƙa sare kansa daidai ƙirjin mutum domin ya yi rassa, hannu kuma ya kai.

Saboda haka fangali ɗaya yana iya ɗaukar shuka biyu kafin damina: kayan sanyi daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kayan zafi daga ƙarshen Fabrairu zuwa Mayu. Sai dai a lura, tumatir da tattasai da attarugu da gauta dangi ɗaya ne, cuta ɗaya ke kama su. Kada ɗayansu ya gaji ɗan'uwansa a fangali. Inda aka cire tumatir aka ga saiwarsa ta yi ƙulle-ƙulle, akwai ƙananan tsutsotsi a ƙasar da ido ba ya gani, kuma suna kama kuɓewa ma. Irin wannan wuri a sa masa albasa ko masara.

IRI DA RENO DA DASHE

Kafin a dogara ga iri a gwada shi. A ɗauki ƙwaya 10, a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye wuri mai ɗumi, a riƙa jiƙawa. In bayan mako ɗaya bakwai ko fiye sun tsira, irin yana da kyau. In ba su kai biyar ba, a nemi wani. Wanda zai ajiye irin kansa ya zaɓa daga shukar da ta fi lafiya, ya bar 'ya'yan su nuna sarai, ya shanya a inuwa, ya zuba cikin kwalba da toka kaɗan, ya toshe. Wani irin da a ke sayarwa cikin gwangwani haɗi ne na iri biyu. Ya kan yi albarka a shukar farko, amma 'ya'yansa ba su kan gaji iyayensu ba, don haka ba a ajiye iri daga gare shi.

Tumatir da tattasai da kabeji da albasa a kan rene su tukuna a ƙaramin wuri mai laushi, a yi musu rumfar ciyawa. Tumatir da kabeji su kan isa dashe bayan kamar mako huɗu, albasa bayan shida zuwa takwas. A yi dashe da yamma, a jiƙa wurin renon tukuna domin a cire da ƙasa jikin saiwa, a ba da ruwa nan take. Karas da kuɓewa da kabewa ba su son dashe, a shuka su inda za su zauna.

ƘWARI

Cikin rani lambu shi kaɗai ne kore a unguwa, saboda haka kowane ƙwaro can zai nufa. A ƙaramin lambu ido da hannu sun fi kowane magani. A duba bayan ganye kowace safiya, a tsince tsutsa da fara, a cire ganyen da ya lalace a binne. Da sanyin safiya a ke kama fara. In darɓa ta yi yawa, a daka 'ya'yan dogon yaro kamar rabin kilo, a jiƙa cikin ruwa lita 10 ya kwana, a tace, a yayyafa da yamma.

Tsutsar nan da masana ke kira Tuta absoluta, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa a 2016, tana shiga cikin ganye ta yi hanyoyi farare, tana kuma huda 'ya'ya. Wanda ya ga alamarta ya sanar da malamin gona. Kada kowa ya sayi maganin feshi marar takarda a kasuwa. In an yi feshi, a cika kwanakin da aka rubuta kafin a tsinka, a ɓoye maganin inda yara ba su kai, kada kuma a zuba abin ci ko abin sha cikin kwalbarsa.

AJIYA

Sa'ad da lambu ya ba da fiye da abin da tukunya za ta ɗauka, a shanya saura. A yanka tumatir da kuɓewa a baza a kan tabarma bisa rumfa, ba a ƙasa ba, a rufe da ƙyalle marar kauri saboda ƙura da ƙuda. Ganye kuwa, kamar zogale da rama, a inuwa a ke shanya shi, gama rana tana kashe amfaninsa. Lawashin albasa a daka a yi gabu. Albasar da za a ajiye a daina ba ta ruwa kamar mako biyu kafin a cire, a bar wuyanta ya bushe, a ajiye inda iska ke ratsawa.

AIKIN KOWANE WATA

Watannin Musulunci suna matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara, saboda haka lissafin lambu da watannin rana a ke yinsa.

Nuwamba: a kafa shinge, a kafta, a dasa tumatir da albasa da kabeji in an riga an rene su, a shuka karas da latas.

Disamba: a cika ramin taki, a gyara bakin rijiya, a nemi irin kayan zafi a gwada.

Janairu: a ci gaba da ban ruwa da cire ciyawa, a juya taki, a fara cin latas.

Fabrairu: a tsinki tumatir, a shanya saura. Wajen ƙarshen wata a zuba sabon taki, a shuka kuɓewa da alayyafo da rama.

Maris da Afrilu: a rufe ƙasa, a cire albasa, a yashe rijiya. In ruwa ya gaza, a bar fangalin da ya fi rauni, a ceci saura.

Mayu: a tayar da kunya saboda ruwan sama, a shuka kabewa da yakuwa jikin shinge, a dasa zogale da gwanda da zarar ƙasa ta jiƙu.

Wanda bai sami damar fara kayan sanyi a bana ba, kada ya karaya. In ya kafa shinge ya cika ramin taki kafin Janairu ya fita, ya isa ya riski kayan zafi. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na ƙaramar hukumarsa, ko a Gusau, ko Tsafe, ko Bungudu. Ana kuma roƙon hakimai da dagatai da masu unguwa da limamai su sa a karanta wannan bayani ga jama'arsu, maza da mata, tun hunturu bai wuce ba.

Allah ya ba da zaman lafiya, ya kai mu damina mai albarka, amin.